Ɗigon Ƙarshe na Mai Mota Ne

Ku da kuke cika mini bencin ƙofar shago kullum da la'asar, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikin zane yanzu ya zama shan ruwa: ka danna nan, ka ja can, inji ya yanko, ka miƙa wa mai shi. Jiya ma ɗayanku ya tambaye ni me ƙaramin gwangwanin jan fentin nan yake yi a gefen injin yanka, shi da tsohon buroshin da gashinsa ya kusa ƙarewa, ko mantawa aka yi ba a zubar ba. To, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. A kan gwangwanin da kuke rainawa aka kusa rufe shagon nan, a kansa kuma aka fasa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin buroshi ne. Ubangidana Malam Idi, Allah ya ji ƙansa, yana da rumfar kwano a bakin titin da ya taho daga Kano, nan cikin Birnin Kudu. Siririn mutum ne mai faɗa, dariyarsa ta fi fentinsa tsada. Za ka wanke buroshi da kananzir, ka sake wanke shi da sabulu, ka daidaita bakin da yatsu, sannan ka rataye shi kai ƙasa. In ya ɗauka da safe ya ga gashi ɗaya ya bauɗe, ranar ba ka da kwanciyar hankali. Daga nan sai goge falanki da samfefa har tafin hannunka ya yi sulɓi. Sai koyon zare da alli: a goga wa zare alli, a ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiyar a saki, ya bar layi a jikin allo. Da aka ce na fara rubutu ma ba fenti aka ba ni ba. Ruwa aka ba ni a gwangwanin madara, na riƙa rubutu a jikin kwano rana tana shanyewa ina sakewa. Damina ta zagayo ta sake zagayowa ina wannan.

Wata rana na yi ƙorafi na ce yaushe zan taɓa fenti. Bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi na je na kalli shanun nan da ke zane a jikin duwatsun bayan gari, waɗanda ba wanda ya san wanda ya zana su, na dawo na gaya masa ko mai su ya yi gaggawa. Ban sake ƙorafi ba.

Motar farko da na rubuta da hannuna a-kori-kura ce ta wani mai sayen riɗi daga Gwaram. Ya ce a sa masa "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na ja zare, na jingina hannu a kan sandar nan mai ƙullin tsumma a kai, na yi baƙaƙen farare da inuwa shuɗiya. Duk baƙin da na gama sai Malam Idi ya kore ni tsallaken titi na hango shi daga can, domin a cewarsa ba wanda yake karanta bayan mota da hancinsa. Na kai ƙarshe ina jin kaina, na tsoma buroshi zan ɗiga ɗigon rufewa, sai na ji sanda a bayan hannuna. Ya karɓe buroshin, ya buɗe wani ɗan gwangwani na jan fenti, ya kira mai motar ya miƙa masa. Mutumin ya yi bisimilla, ya ɗiga da kansa.

Da ya tafi Malam Idi ya ce mini: "Maganar tasa ce, kai aron hannu ka ba shi. In ka rufe masa ita, maganarka zai riƙa yawo da ita a bayan motarsa."

Ban san inda ya samo wannan al'ada ba, ban kuma ji ana yin ta a wani gari ba. Amma duk direban da ya ratsa rumfar Malam Idi, daga baya kuma tawa, da hannunsa ya yi ɗigonsa. Kuma ba ɗigo biyu da suka yi kama. Wani ƙato, wani ɗan tsito, wani ya zubo ƙasa. A tashar Gwaram har tsokanar juna ake yi da su. Wanda ya fi suna shi ne na wani direba, Sule Gajere. Yana cikin ɗigawa atishawa ta kama shi, buroshi ya zame, ɗigon ya fito da 'yar jela mai lanƙwasa, kyakkyawa kamar da gangan aka yi. Har yara a tashar sun san ɗigo mai jela na Sule ne.

Bayan rasuwar Malam Idi na riƙe rumfar, sunana na yanka ya ɓata, kowa Atis yake ce mini, wato mai zane. Na yi wa teloli keken ɗinki a bango, na yi wa masu kemis da ke kusa da babban asibiti alluna, na yi bajin makarantu. Yawancin masu saye a ƙauyukanmu hoto suke karantawa kafin rubutu, don haka in ka ɓata hoto ka ɓata wa mutum kasuwa. Wani mai shayi ya taɓa dawo mini da allonsa a ka, wai na zana kofi ban sa tururi ba, wa zai tsaya wa shayin da ya huce? Na ƙara masa tururi har ya kusa rufe sunansa, ya tafi yana sa mini albarka.

Shekarar da ba na mantawa shekarar zaɓe ce. Mu a sana'armu zaɓe kaka ce ta biyu: yadi a rubuta, bango a rubuta. Na tanadi fenti, na sayo yadi, na zauna ina jira. Sai ga wani abu an sauke daga but ɗin mota a nannaɗe, aka warware, ga fuskar ɗan takara har haƙoransa, an bugo a Kano da inji. Bana suke ce masa. Kafin a kaɗa ƙuri'a gari ya cika da su, ni kuwa ko mai tambayar farashi ban gani ba. Fentina ya yi fata a cikin gwangwani. Daga 'yan siyasa abin ya koma kan masu shaguna, har mai shayin nan nawa ya rataya bana mai hoton wani kofi da ba a taɓa gani a teburinsa ba. Na koma gonar gero, da rani kuma na riƙa shafen gidaje. Direbobi kaɗai suka tsaya da ni, su ma don ɗigon nan ne.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Motar katakon Alhaji Bala, shugaban tashar Gwaram, nake rubutawa, na ɗauko doguwar ƙafar wani baƙi zan ja ta ƙasa da numfashi ɗaya kamar yadda na saba, sai na ga layin yana kaɗawa. Na goge da tsumma na sake, ya sake kaɗawa. Hannuna ne yake rawa. Likita ya ce shekaru ne, magani zai rage amma ba zai raba ni da ita ba. Na lallaɓa na gama motar Alhaji da ƙyar, na yanke a raina cewa da an yi girbi zan kulle shago. Mai rubutun da layinsa ba ya miƙewa gara ya tashi da mutuncinsa.

A hutun makaranta na lokacin Sa'adatu ta zo. 'Yar ƙanena Musa ce, manomi a Gwaram, tana ajin ƙarshe a kwaleji a Kano inda take karatun zane. Tun tana ƙarama in an kawo ta Birnin Kudu a shagona take yini tana ƙarar mini da alli. Amma a wannan zuwan ba buroshi ta zo da shi ba, kwamfuta ce a jaka. Mahaifinta yana ta mita, wai an tura ta koyon zane ta dawo tana latse-latse. Ni ma bayansa na bi, don a ganina wannan abin ne ya ƙwace mini abinci. Ta yi ƙoƙarin nuna mini yadda ake tsara tambarin kamfani da katin biki da hoto mai motsi, idonta har ƙyalli yake yi, ni kuwa na ce ta kawar mini da shi daga kan teburin fenti.

Ba ta yi musu da ni ba, yarinyar akwai wayo. Kwana biyu ta bar maganar, sannan ta ce an ba su aikin kammala karatu, kowa ya zaɓi abin da zai yi, ita kuma ta zaɓi rubutuna. Tana so ta tattara baƙaƙena daga farko har ƙarshe ta shigar da su kwamfuta, yadda duk abin da aka buga zai fito da hannuna. Na ce wannan tatsuniya ce. Sai ta ce: "Baba, rana tana cinye ayyukanka ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauke ni a babur mu je mu gaishe su kafin su ƙare."

Wa zai ƙi wannan? Muka bi gari lungu-lungu, muka miƙa Gwaram, muka shiga har Zandam inda na taɓa zana wa wani mai niƙa injinsa a bango, ruwan sama ya wanke rabi. Duk inda muka tsaya sai ta ɗauki hoto daga nesa, ta matso ta ɗauka daga kusa, mutane su taru suna tambaya ko gwamnati ce ta aiko mu. Tsofaffin motocin da aka ɗora a kan duwatsu ma ba ta bari ba.

Yanzu ku masu cewa danna nan ja can, ku ji yadda aka yi baƙi ɗaya. Za ta buɗe hoton, ta faɗaɗa shi har baƙin ya cika fuskar kwamfutar, sannan ta bi gefensa tana dasa ƙananan ɗigogi, tana jan kowanne har lanƙwasar ta zauna daidai da tawa. Ina zaune a gefenta ina cewa cikin nan ya yi ƙiba, ƙafar nan ta yi gajarta, ita kuma tana gyarawa. In an ɗauke wuta ta ɗauki kwamfutar ta kai wa mai cajin waya. Akwai ranar da batir ya mutu da aikin yini guda a ciki, ta sha ruwa, ta sake daga farko. Da baƙaƙen suka cika na ɗauka an gama, ashe saura tazara. Ni ido ne yake gaya mini nisan da zan bari tsakanin wannan baƙi da wancan. Ita sai ta gaya wa kwamfutar, bibbiyu-bibbiyu. A nan na gane injin nan ɗan koyo ne, kuma ya fi ni daƙiƙanci lokacin da nake rubutu da ruwa. Bambancin kawai, in ya koya ba ya mantawa.

Ranar da ta gama ta buga sunana, ya fito a fuskar kwamfutar da hannuna na ƙuruciya, miƙaƙƙe, babu rawa. Na ji daɗi har na tashi na shiga wanke buroshin da ba shi da datti.

Ana cikin haka Alhaji Bala ya aiko. An yi kaka mai kyau, 'yan tasha sun sake wa motocinsu fenti, suna so a rubuta musu gaba ɗaya, kowa da maganarsa, kuma hannun Atis suke so. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Sa'adatu ta riga ni, ta ce wa ɗan saƙon an karɓa. Ta ce wata ƙawarta a Kano tana aiki a inda ake da injin yanka sitika. Za ta tsara kowace magana da baƙaƙena, a yanko, mu liƙa. Mu biyun mun san abin da ke kan wannan aiki: in ya karɓu shago ya tsaya, in bai karɓu ba na sa kwaɗo.

Ranar kasuwar Gwaram muka isa tasha da kayanmu a nannaɗe. Motar farko ta Direba Mato ce, dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin, maganarsa kuwa "Sannu ba ta hana zuwa," kuma da gaske haka yake tuƙi. Muka wanke bayan motar, muka liƙa, muka ɓare. Mutane suka taru suna yabawa, wasu na rantsuwa da buroshi aka yi. Mato ya tsallaka titi ya hango, ya dawo ya matsa kusa, ya sa yatsa a ƙarshen rubutun.

"Atis, rubutun naka ne, ban musa ba," in ji shi. "Amma ɗigon nan na waye?"

Sai a lokacin na duba. Ja ne, zagayayye, ga 'yar jela ta lanƙwasa.

"Na Sule Gajere ne wannan. Ni da furfurata zan riƙa yawo da atishawar Sule a bayan motata?"

Tasha ta kwashe da dariya. Aka warware sauran sitikun, kowacce da ɗigon Sule a ƙarshe. Shi kuwa gogan ya hau kan benci yana shelar cewa daga yau duk motocin Gwaram nasa ne, kowa ya kawo masa balas ɗin mai mota da yamma. Abin da ya faru, a cikin hotunan da ta ɗauka ta ga ɗigogi iri-iri, ta zaci nawa ne wasu suka fi wasu kyau, ta zaɓi mafi kyau ta kwafe. Ni kuma duk zaman da muka yi ban lura ba, don idona a baƙin ƙarshe yake tsayawa. Abin da ke bayansa ba nawa ba ne, ban saba dubawa ba.

Mato ya ɓanɓare sitikar da farcensa. Alhaji Bala ya ja ni gefe ya ce in dai roba ce za a liƙa kowa da irin ta kowa, ta Kano ta fi saurin samuwa. Ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa, in bai yiwu ba na yi haƙuri. Na ji kunya ƙwarai, amma na fi jin tausayin yarinyar, ta tsaya a gefen babur tana nannaɗe kaya ba ta kalli kowa ba.

A hanya ta ce na tsaya a gindin wata tsamiya, ta tambaye ni labarin ɗigon. Na ba ta tun daga sandar Malam Idi. Ta ce me ya sa ban taɓa gaya mata ba, na ce ba wanda ya taɓa tambayata ko ina numfashi. Na ba ta shawara ta cire ɗigon kawai a sake yankowa, kowa ya ɗiga nasa. Ta girgiza kai, ta ce ɗigon fenti a gefen roba faci ne, rana za ta raba su. Sai ta kalli hannuna a kan kan babur yana 'yar rawarsa.

"Kai kuma fa, Baba? Liƙe-liƙe za ka koma? Juya abin za mu yi. Injin ya yanka, mu cire baƙaƙen mu zubar, mu bar gurbinsu. Kai za ka cike gurbin da fenti."

Na ce da wane hannun. Ta ce ba ja zan yi ba, dangwalawa zan yi da soso, gefen robar ne zai riƙe mini layi.

Ta koma kan kwamfuta ta raba kowace magana gida biyu, fallen inuwa daban, na baƙaƙe daban, da 'yan alamomi a kusurwa don su hau kan juna daidai. Ɗigo kuwa ta share shi gaba ɗaya. Ta je Kano ta dawo. Muka gwada a jikin wata tsohuwar ƙofa, na farko fenti ya kurɗa ƙarƙashin robar ya yi kaca-kaca. Na rage fentin, na riƙa matse soson har ya kusa bushewa. Abin mamaki, rawar hannun da ta kore ni daga buroshi a nan taimako ta zama, dangwalen ya riƙa sauka ƙanana-ƙanana a jere. Da muka ɓare na ga layi miƙaƙƙe, fenti na gaske, da ƙamshinsa.

Kasuwa ta zagayo, Mato ya kawo motarsa yana cin magani. Muka liƙa fallen inuwa na dangwale da shuɗi, muka jira ya sha iska, muka ɗora na biyu na bi da fari. Sa'adatu ta kama kusurwa ta ja a hankali. Maganar ta fito tas, ƙarshenta a buɗe. Na ciro ɗan gwangwanin ja daga aljihu, na tsoma buroshin Malam Idi, na miƙa masa. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya ɗiga wani ƙato kamar ƙosai. Ya ja da baya ya kalla, sannan ya juya wajen Sa'adatu ya ce: "Malama, Allah ya yi miki albarka. Wannan motata ce." Kafin azahar motoci sun yi layi har bakin kasuwar hatsi, Sule Gajere kuma yana ta roƙon a kawo masa barkono ya shaƙa, ko atishawar za ta dawo.

Duk wanda ya zo ɗigawa sai ta ɗauki hannunsa a waya. Da waɗannan hotuna da baƙaƙen ta kammala karatunta, malamanta har suka sa ta tsaya gaban 'yan ajin ƙasa ta yi musu bayani. Ta ɗora wasu a intanet, sai ga kira daga Dutse, daga Ningi, daga wuraren da ban taɓa takawa ba. An yi mata tayin aiki a Kano, ta ce tana da shago a gida. Injin yankan da kuke gani da solar da ke kan rufi, aikin direbobi ne ya kawo su. Katunan biki da tamburan da take tsarawa yanzu ni ban san kansu ba, ban kuma yi ƙaryar na sani ba. Mahaifinta da yake cewa latse-latse, shi ne yau yake tare mutane a kasuwa yana nuna musu aikinta a waya.

Aikin ƙarshe da zan ba ku labari allon da ke saman ƙofar nan ne. Ita ta tsara shi, ta sa sunana ni kaɗai. Na ce ba zan dangwala ba sai ta ƙara nata, ta ƙara. Ranar da za a ɗaga shi Musa ya zo daga Gwaram, Mato ma ya ajiye lodi ya zo. Da fenti ya sha iska ta buɗe gwangwanin ja, ta tsoma buroshi ta miƙo mini da hannu biyu. Ban karɓa ba. Na ce mata ai ta riga ta san dokar, ɗigon ƙarshe na mai abu ne.

Ta kalle ni, ta kalli mahaifinta, ya gyaɗa mata kai. Yarinyar da take jan layi a kwamfuta ba ya kaucewa ko da gashi ɗaya, ranar hannunta ya fi nawa rawa. Ta yi bisimilla ta ɗiga. Daga baya ta so ta goge ta sake, na hana.

Ku tashi ku fita ku ɗaga kai ku gani. Ya ɗan karkace, ya kuma zubo ƙasa kaɗan, kuma duk wanda ya ce zai gyara shi, da ni zai yi.